DARASI: Yadda Ake Karanta Jikin Kare a Ruga, a Burtali da a Zango

 Darasinmu na wannan fitowa ya ɗan kauce wa abin da aka saba gani a wannan shafi, watau maganar farashi, da takardun duwan, da ciwon huhu. Yau a kan kare za mu yi magana. Mun san wani zai ce, "Haba Alhaji, mu da ke cinikin shanu, me ya gama mu da kare?" To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Duk wanda ya taɓa bin shanu ruga-ruga, daga Abalak zuwa Dakoro, ko daga Tanut zuwa Maigatari, ko can wajen Adamawa da bakin Tafkin Cadi, ya san ba mai ruga ke fara tarbarsa ba, karensa ne. Abin mamaki kuwa, mu ne mutanen da za mu hangi sa daga nesa mu gane lafiyarsa ta tozo, da ido, da danshin hanci, da yadda yake taka ƙasa, har mu faɗi kuɗinsa kafin dillali ya buɗe baki, amma da yawanmu ba mu san abin da kare ke nufi ba in ya tsaya a gabanmu. Abu biyu kawai muka iya, ko mu jefe shi, ko mu ruga. Duka biyun kuwa su ke jawo cizo.

ABIN DA YA SA MUKA ƊAUKO WANNAN MAGANA

Shekarun baya muna da wani yaro cikin masu yi mana kora, saurayi mai hankali, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Mun taso da garke daga arewa za mu kudu, muka yada zango kusa da wata rijiya. Da asuba sai ga wani kare ya shigo tsakiyar shanu, ba haushi ba gurnani, bakinsa sake yana dalala, ƙafafunsa na baya suna harɗewa. Yaron ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, tausayi ya kama shi, ya sunkuya zai duba. Karen ya ɗan kama shi a yatsa. Ciwon bai kai ya kawo ba, aka barbaɗa masa toka aka ɗaure da tsumma, muka kaɗa shanu muka wuce don kada ranar kasuwa ta kuɓuce mana.

Bayan kamar wata biyu yaro ya fara zazzaɓi, yatsan da ya riga ya warke ya koma yana masa zugi. Daga nan ya kasa haɗiyar ruwa, in an miƙo masa ƙwarya sai ya firgita. Bai cika sati ba ya rasu. Allah ya jiƙansa da rahama. Mun yarda da ƙaddara, amma mun kuma san namu sakacin. Mu ne manya a wurin, sabulu yana cikin jakarmu, asibiti kuma bai fi tafiyar rabin yini ba. Abin da babu shi ne sani. Tun daga ranar muka shiga tambayar makiyaya, da mafarauta, da likitocin dabbobi, abin da muka samu kuwa shi ne muke son mu raba da ku.

Kada kuma wani ya ga kamar maganar kare ba ta dace da mu ba. Tun muna makarantar Islamiyya malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don kiwo, da farauta, da tsaron gona. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umurni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Abin da aka halatta ajiye shi kuwa, ya kamata a san halinsa kuma a ba shi haƙƙinsa.

KARE YANA GARGAƊI KAFIN YA CIJI

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To shi kare ba fuska kaɗai ba, duk jikinsa ke ba da labari. A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidajen da ake tara karnukan da ba su da masu su, kuma ma'aikatan waɗannan gidaje kullum suna shiga wurin karen da ba su taɓa gani ba, kamar dai yadda muke shiga rugar da ba mu sani ba. Saboda haka abu na farko da ake koya musu shi ne su tsaya su dubi kare kafin su buɗe ƙofa. Wata likitar dabbobi ta Ingila mai suna Kendal Shepherd ta jera alamomin da kare ke nunawa kamar matakan tsani, daga ƙasa zuwa sama. Da muka kwatanta da abin da tsofaffin makiyaya suka gaya mana, sai muka ga magana ɗaya ce. Ga su a taƙaice:

1. Hamma ba tare da barci ba, da lasar hanci ba tare da abinci ba, da yawan ƙifta ido. Wannan kare yana cewa hankalinsa bai kwanta da kai ba.

2. Kau da kai gefe, ko juya maka baya, ko tashi ya bar wurin. Yana neman a rabu lafiya. Kada ka bi shi.

3. Kwantar da kunnuwa baya, da raɓewa ƙasa-ƙasa, da matse wutsiya tsakanin ƙafafu. Tsoro ya kama shi sosai.

4. Sandarewa. Ya daina motsi ɗungum, ya rufe baki, ya zura maka ido. Wannan mataki shi ne mafi haɗari, kuma shi ne mutane suka fi rainawa saboda babu ƙara a cikinsa.

5. Gurnani da yage leɓe har fiƙoƙi su fito, sai kai cafka a iska, sai cizo.

Kare mai lafiya ba kasafai yake fara da na biyar ba. Amma wanda aka saba duka in ya yi gurnani, yakan koyi barin gurnanin ya tsallaka kai tsaye zuwa cizo. Don haka mai dukan kare saboda ya yi gurnani bai rage masa mugunta ba, gargaɗin kawai ya kashe.

GAƁA-GAƁA

Wutsiya. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ce duk karen da ke kaɗa wutsiya murna yake. Ba haka ba ne. Kaɗa wutsiya yana nuna cewa jininsa ya motsa ne kawai, ko don murna ko don faɗa. In wutsiyar tana lilo da faɗi, sake, har ƙugunsa yana rausaya, wannan maraba ce. In kuwa ta miƙe sama ƙiƙam, bakinta kaɗai ke rawa da sauri, wannan shirin faɗa ne. Yawancin karnukanmu wutsiyarsu a lanƙwashe take bisa baya tun asali, saboda haka gindin wutsiyar za ka duba, ko a sake yake ko a ƙage. Har ma wasu masana a Italiya sun gano a shekarar 2007 cewa in kare ya ga mai shi, kaɗawar takan fi karkata wajen damansa, in kuwa ya ga baƙon kare mai ban tsoro takan fi karkata hagu.

Kunne. Kunnuwa a tsaye sun fuskanto ka, yana auna ka ne. Sun kwanta sun manne da ƙeya, tsoro ne. Karnukan mafarauta da yawa an yanke musu kunne, wasu kuma irin dogayen karnukan nan na Azawak masu siririn ciki, da ake gani wurin Buzaye da Fulanin arewa, kunnensu a kwance yake tun haihuwa. A irin waɗannan, gindin kunnen da fatar goshi za su gaya maka.

Ido. Ido mai laushi, yana kallo yana kau da kai, ba matsala. Ido a tsaye ba ƙiftawa, matsala ce. In kuma ya juya kai gefe amma yana kallonka ta wutsiyar ido har farin idon ya fito, musamman in yana bisa abinci ko ƙashi, to ja da baya.

Baki. Baki a buɗe, harshe a waje yana haki cikin zafin rana, wannan yadda kare ke shan iska ne, tunda ba ya gumi kamar mu. Abin lura shi ne lokacin da mai haki ya rufe baki farat ɗaya. Ya daina hutawa ke nan, ya koma lissafi.

Gashin baya. In gashin ya tashi daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, jininsa ya hau. Ba dole ne ya ciji ba, amma ba lokacin matsawa kusa ba ne.

Tsayuwa. Duba inda nauyinsa yake. Wanda ya jingina gaba bisa ƙafafun gaba, ya kumbura ƙirji, yana tsare wurinsa ne. Wanda ya ja nauyinsa baya yana son gudu. Wanda ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama yana tsalle-tsalle, wasa yake nema. Wanda kuma ya kwanta rigingine ya nuna ciki, jikinsa a ƙage, kunne a manne, roƙo yake a ƙyale shi, ba kiran a shafa shi yake ba.

Doka ɗaya ta haɗe waɗannan duka: kada ka yanke hukunci da gaɓa ɗaya. Kamar yadda ba ka sayen sa don ƙahonsa kaɗai, haka ba ka amince wa kare don wutsiyarsa kaɗai. Jiki sake, lafiya. Jiki a ƙage, hattara.

A sani kuma, matsoracin kare ya fi mai yawan haushi saurin cizo in aka rutsa shi. Wanda aka ɗaure, da wanda ya shige ƙarƙashin kamiyo ko bayan rumbu, da karya mai ƴaƴa, da mai ciwo a jiki, duk waɗannan ba su da hanyar kaucewa, in tura ta kai bango kuwa haƙori ne ya rage musu.

YADDA AKE SHIGA RUGA

Wata rana mun je duban wasu bijimai, karnuka uku suka tare mu. Abokin tafiyarmu ya ɗaga sanda. Sai tsohon rugar ya fito yana cewa, "Alhaji, ka ce ma mutumin naka ya sauke sandar nan. Aikin da munka ba su suke yi. Da sun bar ku kun shigo shiru, da yau na kore su." Muka ce, "Gaskiyarka Baffa." Daga ranar muka riƙe wannan tsari:

Na ɗaya, tsaya daga nesa ka yi sallama da ƙarfi, ka jira mai wuri ya fito ya tsawata wa karnukansa. Wannan ladabi ne kuma kariya ce.

Na biyu, in a bisa babur kake, rage gudu tun daga nesa ka kashe inji. Abu mai gudu shi ke tayar wa kare da halin farauta, shi ya sa ya fi bin mai babur da mai gudu da ƙafa.

Na uku, kada ka fuskance shi gaba da gaba, kada ka zura masa ido. A wurin kare wannan neman faɗa ne. Ba shi gefen jikinka, ka riƙa ganinsa ta wutsiyar ido. Sauke hannuwa, sanda ta dubi ƙasa. In ka naɗe fuska da rawani ka ɗora malfa, sassauta, domin wanda ba a ganin fuskarsa ya fi tayar musu da hankali.

Na huɗu, in ya matso yana sunsuna, tsaya cik ka bar shi ya gama. Kada ka miƙa hannu bisa kansa, kada ka sunkuya a kansa.

Na biyar, kada ka bi ta wurin maruƙa, ko tsakanin kare da abincinsa, ko kusa da yaran gidan, sai tare da mai ruga. Nan ne ya fi tsarewa.

Na shida, in abin ya ɓaci ya taso maka, kada ka ruga, don ba mutumin da zai tsere wa kare. Sa wani abu tsakaninku, buhu ko jaka ko babur ɗin kansa, ka riƙa ja da baya sannu-sannu. In ya kada ka, dunƙule ka rufe wuya da fuska da hannuwa, ka daina shure-shure.

Haka kuma kada mu ja namu karen zuwa cikin kara ko rugar wani. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta ƙyale baƙon kare, in garke ya firgita kuwa sai a yi karaya ko a tattake mutum. Lokacin lodi ma a nisanta kare, domin san da aka ciza a ƙafa ko aka firgita har ya bugu, mahauci zai gani a nama da fata, kuma kuɗinka ne ke raguwa.

HAUSHIN DARE A ZANGO

Mai kwana da dukiya a daji ya kamata ya san muryar karen da ke tare da shi. Haushi siriri, ɗaya-ɗaya, yana yi yana hutawa, galibi kaɗaici ne ko amsa wa wasu karnuka na nesa. Haushi mai kauri, a jere ba numfashi, ya fuskanci wuri ɗaya, yana zuwa yana komowa wurinka, wannan akwai abin da ya gani ko ya sunsuno, mutum ne ko kura. Tashi ka duba, ka dubi shanun ma, in sun miƙe sun juya kunnuwa wuri guda to magana ta tabbata. Amma abin da ya fi haushi ban tsoro shi ne shirun karen da ya saba haushi. Ɓarayin shanu sukan fara da kare, su jefa masa nama mai guba. Karen da ya kwana lafiya ya tashi yana amai da makyarkyata, a ƙara ido a kan garke a wannan dare.

MAHAUKACIN KARE

Duk abin da muka faɗa a sama na kare mai lafiya ne. Mahaukacin kare ba ya bin tsani, ba ya gargaɗi. Ciwon iri biyu yake zuwa. Akwai mai fushi: kare ya bar gida yana yawo ba dalili, yana cizon duk abin da ya tarar, icce, dutse, dabba, mutum, muryarsa ta canza ta dushe. Akwai kuma mai shiru, irin wanda ya kashe yaronmu: muƙamuƙi ya saki, dalala na zuba, ba ya iya haɗiya, ƙafafun baya su mutu. Babbar alama ita ce canjin hali. Mai faɗa ya koma lumui, mai sanyi ya koma faɗa, ko dila da ke gudun mutane ya shigo zango da rana tsaka.

Ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kusan mutum 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar ciwon tana cikin yawu, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma tana iya fitowa cikin sati ɗaya ko ta kai shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi haɗari. In alamomi suka bayyana, kusan ba mai tashi. Kafin su bayyana kuwa akwai magani, tun shekarar 1885 da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar farko ya rayu.

Shanu ma suna kamuwa. Saniyar da mahaukacin kare ya ciza, bayan makonni za ka ga tana kuka ba ƙaƙƙautawa da wata irin murya, tana dalala, tana yunƙuri kamar mai son kashi, ta daina ci, daga baya ta faɗi. Da yawa sukan zaci wani abu ne ya maƙale mata, su zura hannu cikin bakinta. Don Allah kada a yi haka. A keɓe ta, a kira likitan dabbobi, kada a yanka a ci. Kuma ƴan uwa, dabbar da ka san kare mai alamar hauka ya cije ta, kada ka yi sauri ka kai ta wata kasuwa ka sayar wa wanda bai sani ba. Ɓoye aibi ne, kuma ran mahauci da iyalinsa ne ka sa a ciniki.

IN CIZO YA AUKU

1. Nan take a wanke ciwon da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15. A duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Ko yaƙushi ne, ko lasa a kan wani ciwo, haka za a yi.

2. Kada a sa toka, ko taba, ko barkono, ko gashin karen. Kada a ɗaure tamau, kada a ɗinke a gida.

3. A tafi asibiti a ranar, ko da kasuwa za ta wuce. Allurar yanzu a dantse ake yi, ba irin ta dā mai yawa da ake yi a ciki ba, wadda ta sa mutane tsoro. Kashi-kashi ake yin ta, ranar farko, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, wani tsarin kuma da ƙari daga baya. In ciwon mai zurfi ne akwai wata allurar da ake yi a bakin ciwon.

4. Mu matafiya, nan ne muka fi faɗuwa. A yi ta farko a wannan gari, a ƙetare iyaka a mance da sauran. Karɓi takardar da aka rubuta sunan allurar da ranakunta, ka haɗa ta da takardun shanunka, duk garin da ranar ta riske ka ka nemi asibiti.

5. In karen yana da mai shi, kada a kashe shi don fushi. A ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, a wasu ƙasashe masu bin tsarin Faransa kwana 15. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura. In dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ake aunawa a ɗakunan binciken dabbobi irin na Vom, da Yamai, da Garwa, da Njamena. A bar wa ma'aikata su ɗauka, kada a taɓa da hannu.

HORON NAMU KAREN

Wanda ke son karen da zai tsare masa garke, tun yana kwikwiyo zai fara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 na rayuwarsa ne kare ke koyon su wane ne nasa. In ya kai sati 7 ko 8 a raba shi da uwa a sa shi ya riƙa kwana kusa da maruƙa, a wurin da manyan shanu ba za su taka shi ba. Wanda ya tashi da warinsu zai ɗauke su danginsa. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya ƴan kwikwiyo a kan wannan tsari don su tsare awaki daga namun daji. A wannan lokaci kuma a bari ya saba da yaran kora, da ƙarar babur da ta kamiyo, don kada ya girma yana tsoron kome.

Kare ba ya haɗa laifin safe da dukan yamma. Abin da ya faru a daidai lokacin shi yake ganewa. In ka kira ya zo, ba shi ɗan abin taɓawa nan take, ko da ka daɗe kana kira. In ka doke shi bayan ya zo, ka koya masa cewa zuwa wurinka shi ne laifi. Kalma ɗaya ga aiki ɗaya, kowa a zango ya yi amfani da ita. In ya fara bin maraƙi da gudu, tsawa ɗaya a lokacin, a janye shi. In kana koya masa abu ka ga ya fara hamma da lasar hanci da kau da kai, ba taurin kai ba ne, ya gaji ko ya rikice, a bari sai gobe.

Sai haƙƙinsa: abinci, da ruwa, da inuwa. Karen da ake bari da yunwa shi ke yawo, mai yawo kuwa shi ke kwaso ciwo, kuma shi ke karɓar naman ɓarawo. Kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa, ko kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, domin tsutsar tana girma a cikinsa, ya zubar da ƙwanta a makiyaya, dabbobi su sake ɗauka, har mutum ma yana kamuwa. A dafa ko a binne. Uwa uba allurar rigakafin hauka, daga wata 3 da haihuwa, a kuma riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yakan yanke. An gwada a Njamena a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, birnin ya yi watanni ba a ga mahaukacin kare ba, sai daga baya ciwon ya sake shigowa tare da karnukan waje. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu ƙetare iyaka: karen da ke bin garkenmu yana iya kai ciwo garin da ya riga ya rabu da shi. Kowace ranar 28 ga Satumba ake tunawa da yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma a wurare da dama akan yi allurar karnuka a lokacin. A riƙa tambaya a ofishin likitan dabbobi.

KAMMALAWA

Muna roƙon shugabannin rassa da fatomai, duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, ya tara yaran kora da masu lodi ya karanta musu, tunda yawancinsu ba su yi boko ba kuma su ne a bakin haɗarin. Kowane maigida ya sa sabulu guda a kayan tafiya wanda ba na wanka ba, ya kuma gaya wa yaransa tun kafin a tashi cewa wanda kare ya ciza ya faɗa, ba za a rage masa ko dala a ladansa ba don ya tsaya asibiti. Yaro yakan ɓoye ciwo don tsoron a bar shi a hanya.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, ko wanda ya ga wani abu a nasa yankin da ba mu ambata ba, ya aiko ta hannun sakataren reshensa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya ya komo da mu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.